Dutsen da Inna Ta Ce Ba Shi Ba Ne

Har in koma ga Allah ba zan manta makon da Inna ta aike ni ɗauko mata hoton dutse ba.

Ina da shekara arba'in da ɗaya na shiga makarantar yaƙi da jahilci, kuma a lokacin na fara riƙe babbar waya. Sai na kamu da son ɗaukar hoto: fure, tsuntsu, gajimare, duk abin da ya gifta. Gani nake na iya, babu kuma mai musa mini, don mutanen unguwarmu Dutse Uku sun san bakina.

Inna kuwa ciwon ƙafa ya kwantar da ita, ganinta kuma kullum raguwa yake yi. A bakin wani tafkin kuza ta tashi, can wajen Rayfield, inda mahaifinta ya yi lebura. Ba ta da zance sai na wani dutse da ke ɗauke da ƙaramin dutse a ka, kamar mace da tulu. Wata rana ta ce, "Ke, tunda kin zama mai hoto, je ki ɗauko mini shi in gani tun idon bai rufe ba." Ni ce 'yar fari, don haka "ke" ɗin nan shi ne sunana a bakinta.

Sai da na gama girki da wanke-wanke na hau keke-napep, rana tsaka. A tunanina hoto kamar shanya ne, yawan rana shi ne kyansa. Na sami dutsen, na tsaya ƙiƙam a gabansa, na dasa shi a tsakiyar waya kamar hoton katin zaɓe, na yi ta dannawa.

Inna ta kawo wayar dab da hancinta, ta miƙo mini. "Ba shi ba ne."

"Wallahi shi ne, Inna. Dutse nawa ne mai tulu a wajen?"

"Nawa ja ne, kuma dogo. Wannan curin fura kika kawo mini. Ina ruwan? Ina shingen kerana? Abin da ake koya muku a makarantar ke nan?"

Na fita ina huci, na ce a raina tsufa ne ya rikita ta. Amma da na sake duba hoton, ni ma kunya ta kama ni. Dutse ya yi fari fat, ba inuwa, ba fasali, ga rufin wani gida ya leƙo ta gefe. Washegari na haɗiye fushina na zauna a bakin gadonta.

"Inna, da wane lokaci kike ganinsa?"

"Da sassafe mana, in mun je ɗiban ruwa. Rana ta bayanmu take ɓullowa."

"Kina da shekara nawa?"

"Oho. Tsayina dai bai kai ƙugunki ba."

A nan na gano laifina. Ni na kalle shi daga tsaye, da idon babbar mace, rana a ƙoƙon kai. Ita kuwa daga ƙasa ta san shi, da hasken safiya.

Matsalar ita ce safiyar matar aure ba tata ba ce. Da na idar da asuba na ɗauki mayafi, maigidana ya ce, "To wa zai dama koko?"

Na ce, "Malam, ga gasara can, hannu biyu Allah ya ba ka."

Na isa sanyi na cizon kunne, tururi na tashi daga kan ruwa. Tsohuwar hanyar ɗiban ruwan yanzu ta bi ta jikin katangar wani attajiri. Maigadi ya taso. "Hajiya, oga ya hana hoto a nan."

"Gidan oganka na zo ɗauka? Shi ya dasa dutsen? Matsa, ɗan nan, inuwarka na shigar mini."

Ya yi dariya ya matsa.

Na durƙusa cikin raɓa, na ga bai isa ba, na kwanta a kan gwiwar hannu, zanina ya jiƙe sharkaf. Daga nan ƙasa sai ga dutse ya miƙe ya yi tsawo. Rana ta ɓullo ta bayana, ya rine ja kamar garwashi, duk tsagar jikinsa ta fito. Na tura shi gefen dama don ruwa da kerana su sami wuri, na ja jiki kaɗan har rufin nan ya fita. Na jira iska ta lafa, surarsa ta kwanta a kan ruwa, sannan na danna. Kafin in kakkaɓe zani jan ya gushe.

Inna ta daɗe tana kallo. Can ta ɗora yatsa a gindin keranar. "Nan muke sauke tulu. Nan yayata ta zame ta fasa nata, ta ce ni na ture ta." Ta yi dariya har da hawaye. "Shi ne. Allah ya yi miki albarka."

Kullum sai ta ce a ba ta ta gani, har zuwa watan da ganin ya ɗauke gaba ɗaya.

Yanzu hotunana sun yi kyau, ba na ɓoyewa. Na koyi cewa haske yana da lokacinsa, ba ya jiran a gama wanke-wanke. Na kuma koyi cewa kafin in ce wa mutum bai ga daidai ba, sai na tambaye shi inda ya tsaya da lokacin da ya duba, in ya kama in durƙusa a wurin, in durƙusa.