Kusurwar da Modu Ya Bar wa Bango

Duk Birni an san Modu mai gidan kallo, ɗan Mala Bukar baduku, jikan Barebarin da fatauci ya kawo Damagaram suka zauna. Uban ya so ya gaje shi a ɗinkin fata, amma shi kunne Allah ya ba shi, bai ba shi hannu ba. Ya girma yana gyaran rediyo, ya auri Fanta, ya buɗe gidan kallo a tsohon soron ubansa, ginin ƙasa mai ƙofa ɗaya, wadda mutum biyu ba su wuce ta tare.

Zuwa Yamai ne ya ɓata shi. Can ya shiga wani sinima, ya ji doki ya taho ta bayansa, ya bi ta kafaɗarsa, kafin ma ya fito a hoto. Ya dawo ba shi da zance sai wannan. Wai kallo da bafil ɗaya, wato lasifika, kamar leƙen biki ne ta taga, kana gani amma ba ka ciki. Ya rataya biyu a gaba, biyu a baya, ya girke wani ƙato mai gurnani ƙarƙashin tele. Kuma a faɗi gaskiya, abin ya yi daɗi. In ya sa kiɗa ka rufe ido, sai ka nuna da yatsa inda mai kalangu yake tsaye, ga mai algaita can hagu, ga 'yan amshi bayanka.

Fanta kuwa bango take kallo. Madafarta na jingine da bayan soron, kuma ta sha gaya masa ƙaton nan na kaɗo mata ƙasa cikin miya, a yi yaɓe. Kullum amsarsa sai bayan damina. Mutumin da ke jin tafiyar doki a cikin akwati, matarsa ce kawai ba ya ji.

Sai ga daminar nan da ruwa ya yi ta kwantar da gidaje a Birni. Duk wanda ya tashi a ginin ƙasa ya san bango ba ya faɗuwa sai ya yi magana. Ƙasa ce ke fara zuba sur-sur, kamar gero daga buhu mai huji, sannan azara ta ce ƙas.

Ranar, ruwa ya ɗauke tun safe. Bayan la'asar soro ya cika da maza, ana kallon wani fim na mutanen da rami ya rufta da su. Sai ga sur-sur daga kusurwar baya ta hagu. Idirisu tela, wani dattijo da kullum nan ne mazauninsa, ya shafa ƙeya ya yi dariya.

"Modu, wannan bafil naka ya fi uwargidana iya raɗa. Har ƙasar nake ji a wuyana."

Aka kwashe da dariya, ana yabon kayan Modu. Shi kuwa Modu ya juya ya dubi kusurwar. Da safen nan ya tarar ɓera ya cinye wayar wannan bafil ɗin, bai samu ya gyara ba. Ba abin da ke fita daga cikinsa.

Ya dubi ƙofa, ya dubi kawunan mutane. In ya yi ihu, a ƙofar nan za a tattake juna, na baya su maƙale ƙarƙashin bango. In ya kashe tele, cewa za su yi kuran ne, wato lantarki, ya ɗauke, su gyara zama suna zaginsa, don mazan nan ko naƙudar matansu ba ta tashinsu daga fim. Sai ya murɗe sauti duka, ya bar hoton yana tafiya, ya ɗaga hannu.

Bakunan 'yan fim na motsi, ba murya. Sur-sur ɗin bai tsaya ba. Sannan daga sama aka ji ƙas.

"Baba Idi, bafil ɗin nan ba shi da waya tun safe," in ji Modu a hankali. "Na baya ku fara fita, ɗaya bayan ɗaya. Kada wanda ya taɓa bango."

 'Yan Birni ne, sun san muryar bango. Suka riƙa zamewa ba takalma, kowa na ɗauke numfashi. Idirisu ya kasa tashi daga kujerarsa, sai da Modu ya shiga ƙarƙashin kusurwar ya jawo shi, ƙasa na zuba musu cikin riga. Suna fita ya tuna madafa, ya zabura zai zagaya. Sai ga Fanta tsaye a lungu da 'ya'yanta, tukwanenta jere a ƙasa. Tun hantsi ta kwashe. Kallo ɗaya ta yi masa.

Bangon bai yi wata ƙara ba. Durƙusawa ya yi kamar raƙumi, ƙura ta turnuƙe lungu, ƙasa ta binne kujerar Idirisu da bafil ɗin baya.

Yau soron na siminti ne, ƙofa biyu. Modu ya sake rataya kayansa, amma kusurwar baya ta hagu ya bar ta ba komai. Samari na ƙorafi wai sautin na da rami, doki kan taho ta dama ya ɓace a hanya. Sai ya ce musu wurin na bango ne, a bar masa. Idirisu kuwa bakin ƙofa yake zama yanzu, ƙafa ɗaya a waje. Kuma in hadari ya haɗu, ana tsakiyar fim Modu kan murɗe sauti ya karkata kai, soron duka ya yi tsit, ba mai motsi, in bai ji bango ya yi magana ba, sai ya mayar da sautin.