Kafso Ja da Rawaya

Ko zan manta komai na zamanmu a Nasarawa ta Kaduna, ba zan manta rasuwar maigidana da abin da ya biyo bayanta ba. Zamanin soja ne, yana aiki a masaƙa a Kakuri, kuma ya daɗe da ciwon suga.

A lokacin kowa likitan kansa ne. Mura ko gudawa, har gajiyar aiki, sai a aika kemis a sayo kafso ja da rawaya. Da ƙarfe ya yanke shi a ƙafa, haka aka yi. Ya haɗiyi ɗaya, aka buɗe ɗaya aka barbaɗa garin a kan ciwon. Mu a ganinmu gata ne.

Ciwon bai kai faɗin kwabo ba, amma zazzaɓi da amai suka kwantar da shi, idanunsa da harshensa suka yi jajir. A asibiti aka yi ta canza allura. Likita ya ce mini ƙwayoyin cutar sun saba da magani, ba sa jin sa, sun zuba dafi a jininsa, suga kuma ya riga ya karya masa garkuwar jiki. Kafin ya cika, fatar tafin hannunsa ta soma saluɓewa.

Hannun nan danginsa suka gani da suka zo daga ƙauye. Bayan jana'iza wansa ya tara mu a tsakar gida, fasto na zaune.

"Ɗan yanka ba ya kashe namiji," in ji shi. "An ba shi wani abu a abinci. 'Ya'yansa kuwa za su bi mu gida."

Kafin ranar nan ban taɓa mayar masa da magana ba. Yana cikin bayani tari ya sarƙe shi, ya zaro kafso daga aljihu ya ce a kawo ruwa.

Na ce, "Yaya, wa ya rubuta maka wannan?"

"Sai an rubuta? Na kemis ne."

"Irinsa ƙaninka ya yi ta sha shekara da shekaru. In guba kake nema, ga ta a hannunka. Gobe mu je wurin likita ka ji da kunnenka. 'Ya'yana kuwa ba inda za su."

Ya dubi kafson, ya mayar da shi aljihu. Bai je asibitin ba, bai kuma sake tayar da maganar yara ba.

Ni na rene su. Har yau ba a shan kafso a gidana sai likita ya rubuta, kuma sai an shanye shi duka. Na kuma koyi cewa in mace ta yi shiru a makoki, wasu ne za su zaɓa mata abin da ya kashe mijinta.