Aƙilu da Kalmomi Uku na Turanci

Aƙilu Bafulatani ne. Ciwon bushiya ya cinye shanun gidansu, sai ya shigo Gombe a shekarar da jirgin ƙasa ya iso garin, ya kama ɗaki a Bolari, ya samu aikin masinja a wata makarantar firamare. Hedimasta, Malam Elias, mutumin Tangale ne, ba ya iya aiken mutum sai ya yayyafa Turanci a ciki. Cikin wata uku Aƙilu ya cafke kalmomi uku: shif, wato matsarwa, canji, wato musanya, sai kuma ribas. A ganinsa iyakar Turancin ke nan, sauran duk cika baki ne.

Har gida ya kai abin. Wata rana ya ce wa matarsa Suwaibatu ta yi wa randa shif. Ta dube shi ta ce, "Malam, randar nan ba ta yi boko ba. Faɗa mata da Fulatanci."

Ranar da sufeto zai zo duba makaranta, Malam Elias ya leƙa aji shida, ya ga manyan bencina masu haɗe da tebur a gaba, ƙananan a baya. Ya ce, "Aƙilu, yi musu ribas," ya wuce tarbar baƙo. Nufinsa na baya su dawo gaba.

Aƙilu ya tsaya ya yi lissafi. Mota in ta yi ribas, ai baya take nufa. Sai ya juya kowane benci ya fuskanci bangon baya, ya jera su tsaf, har ya share ƙasa. Yara suka shigo suka zauna yadda suka tarar. Sufeto ya shigo ya tsaya gaban allo, ba abin da yake gani sai ƙeya arba'in.

Ya juya ya tambayi hedimasta ko wata sabuwar dabarar koyarwa ce. Malam Elias ya ce, "Aƙilu, me na ce maka?"

"Ribas, ranka ya daɗe. Da canji ka ce, ai da canji na yi."

Sufeto ya ce masinja ya fi kowa gaskiya, sannan ya fashe da dariya har ya dafa allo.

Ba a kori Aƙilu ba. Ya yi shekara goma sha tara a makarantar, ya ga hedimasta huɗu. Da ya ajiye aiki ya koma Kagarawal yana noman wake, ya sayi shanu biyu.