Takin da Baba Ya Mayar Kogo

Ni dai har yau ban huce da Yayanmu ba, kuma ya sani. Shi ya ƙirƙiro tafiyar, shi ya nemo mota da direba, da ranar tashi ta zo kuma sai ga shi da uzurin ofis. Aka bar ni da Baba, da maganar da duk gidan aka rasa mai bakin faɗarta.

Maganar gona ce. Baba yana da fadama a wajen Guri, a cikinta ya ƙare ƙuruciyarsa, shinkafa da damina, alkama da rani. Sai zuciya ta fara ba shi matsala, har wata rana ya yanke jiki ya faɗi a bakin ruwa, masunta suka kwaso shi a kwalekwale. Likita ya ce shi da fartanya sun yi bankwana. Mu 'ya'yansa muka taru a Haɗeja ba da saninsa ba, muka miƙa gonar ga ɗan ƙaninsa ya riƙa nomawa. Saura a gaya wa mai gona. Nan Yaya ya ce ai akwai wani gandun daji na gwamnati can kudu, mai namun daji da wani ƙaton kogo, a kai Baba ya sha iska, in hankalinsa ya kwanta sai a lallaɓa a faɗa masa kafin ya dawo ya tarar da wani a gonarsa. Wa zai faɗa? Ni. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Uwata yake kirana, wai ba zai iya ɗaga mini murya ba. Ka ji dalili don Allah!

Tun a hanya na san na shiga uku. Baba ya kafa goshi a gilashin mota, duk gonar da muka wuce sai ya yanke mata hukunci. Wannan an makara da shuka, waccan mai ita malalaci ne. Da muka shiga ƙasar kurmi, itatuwa suka rufe sama, sai ya yi shiru. Na ce alhamdu lillahi, abin ya fara ratsa shi. Can ya nisa ya ce, "Uwata, duk wannan ƙasar ba mai noma ta?"

Na ce, "Baba, ta dabbobi ce."

Ya ce, "To, Allah ya kyauta."

Bai yarda ya je baƙunta hannu rabbana ba, don haka ya taho da ɗan buhun shinkafar gonarsa. A ƙofar gandu ya juye wa ma'aikata a roba, ya kakkaɓe buhun, ya naɗe ya cusa a aljihun babbar riga. Ban kawo komai a raina ba, don ban taɓa ganin Baba ya yar da buhu ba.

Aka haɗa mu da ɗan rakiya, wani dogo mai kakin gandu, ba ya jin Hausa ko ta sannu. Ni na zama tafinta, kuma wallahi rabin abin da Baba ya faɗa a cikina ya tsaya. Mutumin ya nuna mana birai suna tsalle a reshe, yana murmushi kamar 'ya'yansa ne. Baba ya ce in tambaye shi da me suke korarsu. Ya nuna mana sawun giwa a taɓo, Baba ya durƙusa, ya bar sawun, ya damƙi ƙasar gefe yana murzawa. Wasu tsuntsaye suka tashi a garke, sai kawai na ji "Haa! Haa!" da tafi a bayana. Baba ne, wai ya zaci jan-baki ne, masu cinye masa shinkafa. Wasu Turawa da suka daɗe a laɓe da kyamara suka juyo suna kallonmu. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A ƙarƙashin wata itaciya na yi ƙoƙarin farko. Na ce, "Baba, ka ga yadda hutu yake da daɗi ko?" Ya ce hutu yana kabari, ya tambaye ni ko na kira gida na ji ruwa ya fara ja. Na haɗiye maganata.

Da la'asar muka hau kogon. Matakala ce aka sassaƙa a jikin dutse, doguwa, ina riƙe da hannunsa muna tsayawa yana haki. Ciki kuwa, ni kaina sai da na yi salati. Farin dutse ne, irin wanda ake siminti da shi, ruwa ya cinye cikinsa ya bar ɗakuna. Wasu duwatsun sun zubo daga sama tsini-tsini kamar kyandir ya narke, ruwa yana ɗiga daga bakinsu, ga sanyi. Ɗan rakiya ya haska tocila sama, rufin duka jemagu ne sun yi baƙi ƙirin. Na juyo in ga fuskar Baba, in ce ko yau dai wani abu ya burge shi. Ashe shi ƙasa yake kallo. Ƙafarsa ta nutse a wani abu mai laushi, mai wari har cikin ido. Ya ɗebo a tafin hannu ya shinshina.

"Uwata, tambaye shi, wannan kashin jemage ne?"

Na tambaya, aka ce shi ne, ya taru tun kaka da kakanni.

"La ilaha illallahu! Taki! Taki kamar wannan suna tattakawa?" Ya ce gefen gonarsa na gabas ya gaji, in ya samu wannan bana sai an zo kallo. Ya ce in tambaya nawa buhu. Ɗan rakiya ya yi dariya ya ce ko tsinke ba a fita da shi daga gandu, doka ce. Na fassara wannan tsaf, har sau biyu, da ƙarfi.

Bayan sallar magariba muna zaune a barandar masauki na sake ɗaura niyya. Na fara da likita, na bi ta kan jikoki. Baba yana ta gyaɗa kai, na ce yauwa, mun kusa. Sai ya ce, "Da toka za a gauraya shi, don kada ya ƙone shuka." Na tashi na shige ɗaki. Yaya ya kira yana tambaya wai na faɗa? Na kashe wayar a kunnensa.

Da gari ya waye na ƙwanƙwasa ɗakin Baba, shiru. Na tura, ba kowa, ga maganinsa na safe a kan tebur bai sha ba. Direba bai gan shi ba. Daji ne fa mai giwa, ga mutum mai ciwon zuciya. Na fita ko mayafi ban gyara ba, na samo ɗan rakiya, muka nufi kogon da gudu, don ba sai an gaya mini inda ya tafi ba.

A tsakiyar matakala muka same shi. Yana zaune, ya jingina da dutse, leɓɓansa sun yi fari, gumi ya jiƙa rigar. Ga buhu a gefensa cike taf, ya ɗaure bakin da igiyar wandonsa. Ya gan mu ya yi murmushi, wai shi ya yi dabara.

Ɗan rakiya ya fara faɗa da Turanci yana nuna buhun. Ni kuwa tsoron da na ji ya juye ya zama wuta. Na ce, "Haba Baba! Haba don Allah! Kashe kanka za ka yi a kan kashin jemage? A garin mutane?"

Ya ce, "Uwata, yi haƙuri, gonar ce take so."

"Wace gonar? Wace gonar, Baba? An ba da ita! Mun ba ɗan Baffa, yau haka yana ciki yana huɗa. Likita ya ce ka gama noma, ka gama!"

Haka ta fito, a tsaye, a kan matakala, gaban baƙo. Duk lallamin da na kwana ina shiryawa ko kalma ɗaya ban yi amfani da ita ba. Yaya ya yi gaskiya a abu guda, Baba bai ɗaga mini murya ba. Ya dube ni, ya dubi buhun, ya daɗe.

Ya ce, "Ku duka?"

Na ce, "Mu duka."

"Shi ya sa aka kawo ni kallon birai."

Ɗan rakiya, da bai ji ko kalma ba, ya miƙa hannu zai ɗauki buhun. Baba ya ture hannun. Na ce ya bari in ɗauka, ya ce, "Ni na ɗebo." Ya miƙe da ƙyar, ya saɓa buhun a kafaɗa, ya juya ya fara hawa. Muna biye da shi a baya, yana taka ɗaya ya tsaya, ina jin numfashinsa, ina kuka, kuma wallahi ina jin haushinsa a lokaci guda. Ya shiga kogon, ya kwance igiyar, ya juye takin daidai inda ya haƙa, har ya baje shi da ƙafa.

Da muka fito haske ya tsaya yana kakkaɓe hannu. Bai kalle ni ba ya ce, "Ki gaya wa yaron nan kada ya yi gaggawar shuka a gefen gabas, ruwa yana daɗewa a wurin. Ke za ki gaya masa. Ni ba zan je ba."

Na zaci fushi ne na kwana biyu. Muka dawo Haɗeja, alkama ta fito, aka girbe, ruwa ya zo ya tafi. Duk wanda zai je Guri sai ya yi masa tayin mota, Baba ya ce a sauka lafiya. Ƙafarsa ba ta sake taka fadamar nan ba.