Matar da ta koya wa Haladu waƙa

Da hantsi za ka tarar da Malama Silifat Olawale a ƙofar gidanta, bayan kasuwar Funtua, tana tsintar wake a faifai tana rera waƙa ƙasa-ƙasa. Iyayenta 'yan kasuwa ne daga kudu, amma nan aka yanke mata cibi. In an yi la'asar sai ta shimfiɗa tabarma a zaure, ta ajiye ruwan ɗumi da citta, ta kife ƙwarya a gabanta, ta jira ɗalibi. Ɗaya-ɗaya take koya musu waƙa, don ta ce murya akwai ta da kunya, ba ta fitowa cikin taro sai ta saba.

Shekara da shekaru ke nan. 'Yan Islamiyya masu koyon ƙasida sun zauna a tabarmar nan, haka ma wata Chinenye da ke jan waƙa a coci yanzu. Duk abu ɗaya take fara gaya musu: "Daga ciki za ki ja numfashi, ki bar wahalar da maƙogwaro."

Amma wanda maƙwabta ba sa mantawa shi ne Haladu, manomin masara daga Dayi. Shanyewar ɓarin jiki ta kayar da shi a gona lokacin girbi. Ya tashi, ƙafa ta dawo, magana ta ƙi. Matarsa Rabi'atu ce ta lura in ana waƙa a rediyo leɓɓansa na motsi. Ta kawo shi Funtua, suka sauka gidan ƙanwarta, ta zo ta durƙusa gaban Malama.

"Ni ba likita ba ce, 'yata," in ji Malama. "Kada ya bar maganinsa. Wace waƙa yake yi in yana noma?"

Rabi'atu ta sunkuyar da kai ta rero mata. Malama ta ɗauka, tana buga ƙwarya a hankali, tana kallon bakin Haladu. Makonni suka wuce ba abin da ke fita sai gurnani. Ran nan ya cire hula ya buga da ƙasa, ya fice. Rabi'atu ta fashe da kuka. Ita ma Malama ta shiga tunanin ko wahalar banza take ba bawan Allah. Ta daure ta ce, "Ku dawo gobe. Tunda har yana fushi, bai haƙura da muryarsa ba."

Suka dawo. Kafin damina ta sauka amshin waƙar ya fito daga bakinsa, a karkace, amma ya fito. Sai Malama ta riƙa cusa masa gaisuwa da sunayen 'ya'yansa cikin karin waƙar, tana rage karin kaɗan-kaɗan. Wata la'asar ya juya ya dubi matarsa ya ce, "Rabi." Babu ƙwarya, babu waƙa. Har yau yana jan magana, amma yana amsa gaisuwa, yana yi wa shanun huɗarsa tsawa su juya.

Malama, ke ce mai haƙurin sauraro. Ke ce kika zauna gaban mutumin da kowa ya gaji da jiransa, kika jira shi. Uwar muryoyi, ba a taɓa kiran sunanki a lasifika ba.

Bana numfashinta ya fara gazawa, likita ya ce ta huta. Ta miƙa zauren ga Sa'adiya, tsohuwar ɗalibarta, ita kuma ta koma gefe tana saurare, in an yi kuskure ta ɗaga yatsa.

Mun gode, Malama. Allah ya ƙara lafiya, ya saka da alheri. Mu kuma duk mai wani abu da ya iya, ya samu mutum ɗaya ya zauna da shi har ya koya. Wanda hanya ta biyo da shi Funtua ya tsaya ya gaishe ta tun tana iya amsawa.