Malam Daudu a Ajin Surukinsa

Malam Daudu ya kama aikin malanta a ofishin En'e na Kazaure shekara biyar kafin a sami mulkin kai, kuma ya shekara ashirin da biyu a kan tebur ɗaya. Shi ke rubuta wasiƙu, shi ake turawa a kan keke zuwa Roni da Gwiwa da Babura ƙidayar shanu. Rubutunsa kyakkyawa ne, har hakimai kan ajiye wasiƙarsa ko da abin da ke ciki bai yi musu daɗi ba. Mutum ne mai son a yi komai bisa tsari. Ko gaisuwa ce, ya san wanda ya kamata ya fara.

Da kuɗin mai suka shigo, aka mai da En'e ƙaramar hukuma, sai aka fara turo samari masu digiri ana ɗora su a kansa. Ɗaya daga cikinsu ma Malam Daudu ya ci naman sunansa. Dama ya daɗe yana karatu ta gidan waya, ya kuma yi difloma, don haka ya nemi jami'a, aka ɗauke shi ya karanta ilimin tattalin arziki yana da shekara arba'in da biyu. Ofis ya ba shi hutun karatu da sharaɗi guda: in ya dawo da digiri, kujera na jiransa; in aka koro shi, ya koma teburinsa na da, a ƙarƙashin yaron nan.

Ranar rajista aka miƙa masa ɗan littafin da ke ɗauke da darussan sashen. Ya samu inuwa ya zauna, ya zaro jan biro, ya bi shi layi-layi. Darussa iri biyu ne, na dole da na zaɓi. A shekarar farko na dole uku ne: tushen ilimin tattalin arziki, tarihin tattalin arzikin Afirka ta Yamma, da ƙididdiga. Sai ɗalibi ya ƙara ɗaya daga wani sashe. Wanda bai ci na dole ba, ba zai wuce aji biyu ba, inda ake karanta harkar banki da cinikin ƙasa da ƙasa da tattalin arzikin noma. Duk wannan ya yi masa daidai. Sai da ya kai ƙasan shafi, inda aka jera sunayen malamai, ya ga wanda ke koyar da ƙididdiga: Falalu Roni.

Falalu mijin 'yarsa Habiba ne, bara aka yi bikin. Malam Daudu ya san yaron yana aiki a jami'ar, amma jami'a gari guda ce, kuma mutum ba ya tsare surukinsa yana tambayarsa me yake yi a wurin aiki. Tun daga ɗaurin aure ba su taɓa cin abinci wuri ɗaya ba. In Falalu ya hango shi a hanya, takalmi yake tuɓewa ya durƙusa, ido a ƙasa. To yaya za a ce shi ya zauna a benci, yaron ya tsaya a kansa da alli?

Sai ya yanke shawara ba zai shiga ajin ba. Ya riƙa aron littafin 'yan aji yana kwafewa da kyakkyawan rubutunsa, yana gaya wa kansa cewa wanda ya ƙirga shanun Gwiwa a damina ba a koya masa ƙididdiga. Ranar jarrabawa ya buɗe takarda bai ga saniya ko ɗaya ba, sai haruffa, wasu da 'yar sanda a kansu, wasu da hula. Ya ci sauran darussan da kyau. Wannan kuwa ya faɗi, faɗuwar da ba ta buƙatar a sake dubawa.

Shugaban sashe, wani dattijon Ba'indiye, ya kira shi ya karanta masa doka: zai maimaita shekara, in ya sake faɗuwa sai gida. Malam Daudu ya bi hanyar da ya sani. Ya rubuta takardar koke shafi biyu yana roƙon a musanya masa ƙididdiga da wani tarihin. Ya je gaisuwa sau uku. A na ukun dattijon ya tambaye shi dalilin da ya hana shi shiga aji, ya ce matsala ce ta gida. Dattijon ya cire tabarau ya dube shi, ya ce abin mamaki, malamin darasin ma ya zo jiya yana roƙon a ɗauke masa ajin, shi ma ya ce matsala ce ta gida. Amma babu wani malamin, kuma darasin dole ne.

Haka Malam Daudu ya shiga aji. Ya zaɓi benci na ƙarshe, bayan ginshiƙi. Falalu ya zo bakin ƙofa, ya hango hular surukinsa, ya tuɓe takalmi ya shiga da safa. Wasu ɗalibai 'yan kudu suka ɗauka sabuwar doka ce, washegari takalma goma sha ɗaya ne a bakin ƙofa. In ana kiran suna, Falalu kan zo daidai wurin ya yi tari ya wuce. Darasi kuma allo yake yi wa, bai juyo ba ko sau ɗaya, har 'yan gaba suka ce sun fi sanin ƙeyarsa da fuskarsa. Malam Daudu shi ma, don ya sauƙaƙa wa yaron, sai ya sunkuyar da kai daga farko har ƙarshe. Saboda haka bai ga abin da ake rubutawa ba.

Aka yi gwajin farko, aka raba wa kowa takardarsa, ban da shi. Ranar Juma'a Habiba ta kawo masa tuwo ɗakinsa kamar yadda ta saba, takardar na naɗe a ƙarƙashin faifai. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka Uwani yake kiranta, kuma ita kaɗai ce a gidan ke iya gaya masa magana kai tsaye. Malamar firamare ce. Ya juya takardar bai ga maki ba, sai da ta nuna masa can a kusurwa, da fensir, ƙanana kamar ƙwayar gero.

"Sha takwas ne, Baba," in ji ta.

"Cikin ashirin?"

"Cikin ɗari. Kwana biyu maigidana bai ci abincin kirki ba kafin ya iya rubutawa."

Malam Daudu ya ce ai yaron yana da tarbiyya. Ta ce tarbiyyar ce za ta mai da shi Kazaure, kuma ita ba za ta je ta gaya wa Inna Tasalla, matar Malam Daudu, cewa Falalu ne ya koro mata miji ba. Ta ce ran Lahadi bayan la'asar ya zo gidansu, ba sai ya ga kowa ba.

Ga yadda ta tsara. Malam Daudu a baranda kan tabarma, Falalu a cikin ɗaki, ita a kan dokin ƙofa da allon 'yan makaranta a cinya. Uban ya yi mata tambaya, ta juya ta maimaita, amsa ta fito daga ɗaki, ta sake juyowa ta maimaita, alhali tsakanin mutanen biyu bai fi taku huɗu ba kuma taga a buɗe take.

"Ki gaya wa Baba hanyar da ya bi tana da kyau ƙwarai," in ji muryar ɗaki. "Amsar ce dai ta ɗan kauce."

"Ya ce ba daidai ba ne, Baba."

Sati biyar ana haka, haruffan ba su shiga kansa ba. Sai wata Lahadi Falalu ya bar littafi, ya ce a tambayi Baba, in ya je rugar da ke da shanu ɗari huɗu kuma rana ta yi, yaya yake sanin yawan maruƙa ba tare da ya bi su ɗaya-ɗaya ba. Malam Daudu ya gyara zama. Ya ce sai ka ware arba'in ka duba, amma kada ka yarda mai garke ya ware maka, don shi ya san waɗanda zai turo. Muryar ɗaki ta ce to wannan shi ne babi na shida gaba ɗayansa, harafi mai hula kuwa abin da ka gani a cikin arba'in ɗin ne, maras hula shi ne na garke duka. Malam Daudu ya ja allon daga cinyar Habiba, ya duba, ya sake dubawa, ya ɗaga kai wajen taga.

"To Malam, in na ware tamanin fa, kuskuren zai ragu da rabi?"

Habiba ta rufe baki da mayafi. Can sai murya ta fito, ƙasa-ƙasa: "A'a, Baba. Sai ka ware ɗari da sittin."

Daga ranar Habiba ta koma kicin, ko da yake ba wanda ya bar wurin zamansa. A aji ma Malam Daudu ya fara ɗaga kai, tunda ya tabbata yaron ba zai juyo ba.

Da jarrabawa ta zo, Falalu ya ɗauki takarda guda, ta surukinsa, ya kai wa shugaban sashe, ya roƙe shi ya duba ta da kansa. Arba'in ake nema. Malam Daudu ya samu arba'in da huɗu, ya wuce aji biyu. Ya gama a shekara ta huɗu, kundinsa a kan cinikin dabbobi a kasuwar Babura, ya koma Kazaure jami'in tsare-tsare, ya riƙe kujerar har ya yi ritaya. In matasan ofis suka tambaye shi wa ya koya masa zana jadawali haka, sai ya ce wani yaro ne daga Roni, ba shi da laifi, sai dai muryarsa ba ta fita sosai.