Kawu Ɗanladi da Dokokin Guruf

Duk wanda aka taɓa saka shi a guruf ɗinmu na waya na 'yan Rano da Kibiya ya san irin tarbar da Kawu Ɗanladi yake yi wa baƙo. Kana shiga saƙonsa zai same ka: ka yi kwana uku kana karanta hirar mutane bakinka alaikum, a rana ta huɗu ka yi sallama, ka faɗi sunanka da na mahaifinka da garinku. Yayan mahaifiyata ne, tsohon hedimasta daga Fassi. Da ya yi ritaya sai ya mayar da mu 'yan ajinsa, har masu furfura.

Alhaji Bala mai motocin haya ne ya fara ɗanɗanawa. Ranar da aka saka shi ya antayo hotunan sabuwar motarsa ba ko sallama, Kawu ya cire shi. Bayan la'asar sai ga Alhaji a ƙofar gida rai a ɓace, ya rangaɗa sallama sau uku kafin Kawu ya fito. Ya bar shi ya gama faɗansa tsaf, sannan ya ce, "Alhaji, ashe ka iya sallama. Me ya hana ka yi ta a can? Can ɗin ma zauren mutane ne." Dole Alhaji ya yi dariya, ya koma ya yi kwana ukunsa.

Tambayar da Kawu ya fi so kuwa ita ce, "Ka gani, ko ka ji?" Wata safiya wani Habibu ya turo cewa Malam Iro na Zinyau ya rasu. Kafin a ankara 'yarsa da ke aure a Kano ta shiga mota tana kuka. Kawu ya hana kowa ƙara ko harafi, ya hau acaɓa da ciwon gwiwarsa har Zinyau, ya tarar da Malam Iro a gona yana noman dawa. Ya haɗa shi da 'yar a waya, sannan ya kira Habibu shi kaɗai. Habibu ya ce ji ya yi. Kawu ya ce, "To je ka yi masa ta'aziyya da bakinka, ya gaya maka ranar bakwai." Wallahi sai da ya je.

Ni ma na ja masa abu. Ya kafa doka cewa saƙon murya kada ya wuce minti ɗaya, amma bayanin dokar ya ci minti goma sha ɗaya. Na rubuta haka a guruf. Ya kira ni ya ce na yi gaskiya, sai dai gyara ba a bainar jama'a ake yi ba. Ya cire ni kwana ɗaya, ya cire kansa kwana biyu. Abin da bai sani ba, idan shugaba ya fita, shugabancin kan wani yake faɗawa. Kan wa ya faɗa? Alhaji Bala! Da Alhaji ya mayar da Kawu guruf sai ya rubuta masa, "Malam, kai sabo ne, sai ka yi kwana uku." Kawu ya yi su cur, muna ganinsa yana karantawa, na san ransa kamar ya fita. A rana ta huɗu ya yi sallama, har sunan mahaifinsa ya faɗa.

Da Kawu ya rasu, a zaman makokinsa wata mai ƙosai daga Rurum ta gaya wa mahaifiyata cewa ta daina magana a guruf don an yi wa rubutunta dariya. Kawu ya riƙa kiranta yana koya mata rubutu, wata huɗu, bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ko mu na gida sai ranar muka ji.

Allah ya jiƙan Kawu. Yadda ya rufa wa bayinka asiri, ya Allah ka rufa nasa, ka sa ya huta.